Masaukin Baƙo a Cikin Badala

(Taken shiri)

 Yau zancen gidan haya za mu yi, amma ba na ɗan gari ba. Zancen mutumin da ya taso daga wata ƙasa ne, Nijar ko Chadi ko Kamaru ko Gana ko Sudan, ko ma daga ƙetaren teku, ya sauka Kano da jakarsa, ya ce shi a cikin birni yake son zama, cikin badala, kusa da malaminsa ko kusa da kasuwarsa. Ta ina zai fara? Wa zai tunkara? Me zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa? Mu kuma masu gidajen, mene ne namu a ciki?

Bari mu ɗan waiwaya baya tukuna, don matsalar ba yau ta fara ba. A watan Fabrairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya sauka a wajajen Dala. A ƙiyasinsa, mazauna birnin na dindindin sun kai dubu 30, amma a watannin rani, lokacin da ayari ke shigowa ta kowace ƙofa, adadin yakan kai dubu 60. Ku auna wannan a ranku. Garin da babu otal, babu gidan haya irin wanda muka sani yau, ya ninka yawansa a cikin 'yan watanni, kuma kowa ya sami wurin ajiye haƙarƙarinsa, da wurin ɗaure jakinsa, da ɗakin adana kayansa. Ina suka kwana?

A gidajen fatomai suka kwana. Fatoma magidanci ne ɗan gari mai babban gida, da soraye da ɗakuna da fili. Falke ya zo daga Gwanja da goro, ko daga Agadas da gishiri, ko daga Borno da kanwa, gidan fatomansa zai dosa kai tsaye, sau da yawa gidan da ubansa ya saba sauka. Ba a karɓar kuɗin ɗaki a hannunsa. Ana ba shi makwanci, a fito masa da tuwo daga cikin gida, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye. In an yi ciniki, fatoma ya ɗauki la'adarsa. In bashi aka bayar, fatoma ne ya tsaya, domin shi ya san mai saye, ya san ubansa, ya san ƙofar gidansu. In baƙon ya yi rigima a kasuwa, fatoma ake nema. In ya kwanta ciwo, shi ke jinya. In rai ya yi halinsa, shi ke sallar gawa ya kuma tsare dukiyar har magada su zo. Wato abin da baƙo ke samu a gidan nan ya wuce bango huɗu da rufi. Mutum yake samu wanda garin ya sani, wanda zai ce, wannan nawa ne.

Har Turawan farko da suka zo ta wannan hanya suka bi. Hugh Clapperton, mutumin Birtaniya da ya iso Kano a Janairun 1824, takarda ya riƙo daga Shehun Borno zuwa ga wakilinsa da ke nan garin, shi ya karɓe shi. Shi kuwa Barth, da ya iso aljihu babu nauyi, ga masu bin sa bashi, ga zazzaɓi, ya yi ta kukan duhun masaukin da aka ba shi. Ashe ƙorafin ɗan haya ma tsohon abu ne a garin nan.

Wannan ɗabi'a ta saukar baƙo ita ta gina unguwannin birni da yawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma har gobe ana danganta Madabo da malantarsu. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka, ga unguwar Sharifai nan tana shaida. Ga Agadasawa, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa tun ƙarni na 19, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna da gidajensu na bene. Duk waɗannan baƙi ne jiya. Yau jikokinsu ne ke zaune a ƙofar gida suna yi wa wani baƙon tambayar daga ina.

Abin ya canza bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gana. Turawa ba su so su cakuɗa su da mutanen birni ba, sai aka yanka musu Sabon Gari a wajejen 1913. Kwarori, wato mutanen Siriya da Labanan, aka ba su wuri a gefen Fagge, inda Kantin Kwari yake yanzu. Turawan da kansu suka tare Nasarawa da Bompai. Daga nan gari ya rabu biyu, birni da waje. Haya ta kuɗi, ɗaki da wata, a waje ta yi ƙarfi. Birni ya ci gaba da zama na gado da dangi da wanda aka sani. Shi ya sa har yau baƙo zai iya shiga Sabon Gari da safe ya kwana a ɗakinsa da dare, amma a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi sai ya yi haƙuri.

To, mu dawo yau. Malam baƙo, in kana saurare, abu na farko da za ka lura da shi shi ne a lungunan birni ba kasafai ake kafa allo a ce ga ɗakin haya ba. Ɗakunan suna nan, amma a bakin mutane suke. Mai shayin bakin layi ya sani, ladanin masallacin unguwa ya sani, tela ya sani. Sai dai babu wanda zai faɗa wa fuskar da bai taɓa gani ba. Hausawa suka ce da ɗan gari kan ci gari. Saboda haka kafin ka nemi ɗaki, nemi mutum. In karatu ka zo, malaminka ko manyan almajiransa. In kasuwa ka zo Kurmi ko Kwari ko Wambai, ubangidan da kake ciniki da shi. In ba ka da ko ɗaya, tambayi inda mutanen ƙasarku suke zama, domin da wuya a sami ƙasar da ke makwabtaka da mu wadda ba ta da jama'a da shugabanni a Kano. Ka fara sauka wurinsu ko da a soro ne, mako biyu ko wata, ka san gari, gari ya san ka.

Kada ka ɗauka wannan halin Kanawa ne kaɗai. A Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da Bogota ta Kolombiya, an daɗe da al'adar mai gida ya buƙaci ɗan haya ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma wanda ya mallaki gida ko fili. Baƙon da ba shi da kowa a can, ko ya sayi lamuni a wurin kamfani, ko ya koma ɗakunan wucin gadi masu tsada. Su sun mai da abin takarda da sa hannu, mu namu a fuska yake da mutunci. Haka kuma 'yan'uwanmu da suka yi kudu, a Sabo ta Ibadan da zangunan Kumasi da Ankara, maigida suke fara nema kafin ɗaki.

Sai batun dillali. Yawancin baƙi a hannunsa suke faɗawa, kuma ban ce sana'ar haramun ce ba. Akwai dattawan dillalai da sun fi hakimi sanin gidajen unguwa. Amma ku ji wani abu da Clapperton ya rubuta game da kasuwar Kano shekara 200 da suka wuce. Ya ce in aka sayi riga ko turkuɗi aka tafi da ita har Borno, aka kwance aka tarar da aibi, ana maido ta, domin sunan dillalin yana rubuce a cikin ƙunshin, kuma dole ne ya nemo mai kayan a maida kuɗi. Dillalin wancan zamani yana ɗaure da cinikinsa har bayan an watse. Na yau fa? Da yawa daga an ƙirga musu la'ada, wayarsu ta daina shiga. A nan, a ganina, aka yi asarar. Fatoma yana cin riba ne muddin baƙonsa na cikin alheri, don haka yana tsare shi. Dillalin haya kuwa sau ɗaya yake ci, ranar biya, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Duk kariyar da falke ke samu kyauta a gidan fatoma, baƙon yau sai ya haɗa ta da hannunsa.

Ga yadda ake haɗa ta. Tun kafin a taka ƙafa zuwa ganin gida, a yi maganar la'ada a fili. Da yawa sukan nemi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, wasu kuma su ce sai an ba su na mai kafin su nuna maka ko ƙofa. Wanda ya yi ta karɓar na mai yana zagaya da kai gidajen da ya san ba za su yi maka ba, rabu da shi. Kuma kuɗin haya ba a hannun dillali ake damƙa shi ba. A hannun mai gida ake bayarwa, ko wakilin da mai gida ya nuna da bakinsa.

Wane ne mai gidan? Tambaya ce mai sauƙi a Nasarawa, amma a cikin birni tana da wuya, domin gidaje da yawa na gado ne. Tsoho ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, ba a raba ba, ko an raba a baki, wannan ɗakin na Yaya ne, wancan na Gwaggo, soron kuma na marayu. Sai ɗaya daga cikin magada, wanda buƙata ta taso masa, ya ba ka ɗaki ya karɓi kuɗin shekara. Bayan wata uku wansa ya dawo daga tafiya ya ce bai san zancen ba, ko alƙali ya sa ranar rabon gado, a wayi gari an sayar da gidan da kai a ciki. Wani gidan kuma jingina aka ba da shi, wanda ke ciki ba shi ne mai shi ba. Maganin wannan mutum ɗaya ne, mai unguwa. Kowace unguwa a birni tana da nata, suna ƙarƙashin wakilan fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, har zuwa fada. Shi ya san asalin kowane gida da rigimar da ke kansa. Ka sa wanda ya tsaya maka ya kai ka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, ranka ya daɗe, ni baƙonka ne daga wuri kaza, sana'ata kaza, ina son kama ɗaki a gidan wane. In akwai magana a kan gidan, ko bai faɗa maka ƙarara ba, za ka ji ya ce a ɗan dakata. In ka ji haka, dakata.

Zuwa wurin mai unguwa yana da wani amfanin. Tun bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, masu gidaje suka ƙara tsoron saukar wanda ba su sani ba, hukuma ma ta sha jan kunnensu a kai. Wanda ya kai kansa ya gabatar, ya cire wa mai gidansa wannan fargaba.

Daga nan sai rubutu. Na san akwai mai cewa, haba, tsakaninmu da Alhaji har sai an rubuta? To, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ba ka fi sahabbai amana ba, Alhaji ma bai fi su ba. Kuma yau kuna raye ku biyu, gobe da magada za a yi magana. A rubuta sunan mai gida da naka, wane ɗaki ne, nawa ne, daga wace rana zuwa wace rana, da kalandar da ake bi, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, kuma an sha yin musu a kan wannan. A rubuta wa ke gyaran rufi, wa ke yashe masai, yadda ake raba kuɗin wuta. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, ka kuma ɗauki hotonta a waya. In ta banki ka tura kuɗin, ya fi, domin shaida ce da ba ta mantuwa. Al'adar garin ita ce biyan shekara gaba ɗaya. In aka ce maka shekara biyu, nemi sassauci, don ba ka san ko zaman zai yi daɗi ba.

Ka kuma san cewa mai gida ba shi da ikon watso maka kaya waje don ransa ya ɓaci. A dokokin yawancin jihohin ƙasar nan, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata 6, mai biyan wata ana ba shi wata 1, bayan nan a ƙara masa kwana 7, sannan a je kotu, ita ce mai fitarwa. Baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya ne a nan.

Shi kansa ɗakin, kada ka gan shi sau ɗaya da hantsi ka ce ya yi. Gidan ƙasa mai rufin azara ni'ima ne a watan Afrilu, ya fi na siminti da kwano sanyi nesa ba kusa ba, amma Agusta ce ke tona asirinsa. In da rani ka zo, ɗaga kai ka dubi rufi ko akwai tabon yoyo, ka dubi gindin bango ko ya jiƙa ya bushe, ka dubi indararo ina yake zubarwa. Tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko ruwa na shiga gidaje a lungun, musamman in wajen Jakara ne ko kusa da tsohon kududdufin da aka cike aka yi gini a kai. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Tambayi na sha: akwai rijiya, akwai burtsatse kusa, ko sai 'yan garuwa? In sai su, sa kuɗinsu a lissafin hayarka tun yanzu. Wuta kuma, duba ko mita mai kati ce ko takarda ake kawowa, in takarda ce a nuna maka ta ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Sannan ka auna lungun da idonka. Wani ko adaidaita sahu ba ta shiga, balle motar kaya. Ranar da matarka ke naƙuda da tsakar dare za ka tuna wannan.

Na ce matarka, domin a nan ne babban shingen yake. Gidan birni gidan iyali ne, da soro a gaba, da mata a ciki, wani ma an rubuta ba shiga a bango. Mai iyali yana iya samun ciki da falo a tsakar gida, matarsa ta shiga cikin mata, a yi ta zaman biki da suna. Wanda ba shi da mata kuwa, tuzuru ne ko gwauro, ko ya baro iyalinsa a Damagaram, shago mai ƙofa a waje ne rabonsa, in ma ya samu. Garin da har sarautar Nalako yake da ita don tsokanar gwauraye a watan azumi, ba ka jira ya ba su tsakar gida ba. Mace baƙuwa ita kaɗai, 'yar kasuwa ko ɗaliba, ta fi kowa shan tambaya, kuma abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta shiga ta hannun wata dattijuwar unguwa ta zauna a sashenta. Ka kuma sani jihar Kano tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, akwai Hisba, giya da tara maza da mata a ɗaki ba abin da unguwa za ta kau da kai ba ne. Wanda ya san rayuwarsa ba za ta jitu da wannan ba, gari da faɗi, ga Sabon Gari, ga Nasarawa, ga Bompai, babu wanda zai ga laifinsa.

Takardun ƙasa kuma a gyara su. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza ya zauna har kwana 90. In zama zai yi ya wuce haka, sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kodayake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu har sai an sake sanarwa. Saboda haka ɗan'uwa na Maraɗi, ko da kakarka 'yar Katsina ce, leƙa ofishin ka ji matsayinka. Mutumin Chadi da Kamaru da Sudan ba sa cikin waccan yarjejeniya, su bincika nasu sharaɗin tun kafin su taso.

Yanzu ku, iyayenmu masu gidaje, Alhaji da Hajiya. Bincike haƙƙinku ne, ku tambaya, ku nemi wanda zai tsaya. Amma akwai abin da ba bincike ba ne. Jin harshen mutum ya karkata sai a ninka masa kuɗi, wannan ba bincike ba ne. Karɓar kuɗin shekara a kan ɗakin da kun san yana gaban alƙali, ko ɓoye yoyon da kun san Agusta za ta fallasa, shi ma haka. In baƙo ya gyara ɗaki da kuɗinsa, ya yi daɓe ya ja wuta, sai shekara ta zagayo a ce ɗakin ya yi kyau, kuɗi ya ƙaru, ku kanku kun san sunan wannan. Ku ba da rasit ko ba a nema ba. In za ku ƙara kuɗi, ku faɗa da sauran watanni, mutum ya san inda zai nufa. Ku kuma dillalai, ku bar wa baƙo lambar da ke shiga, ku kai shi gaban mai gida da mai unguwa da ƙafarku, a rubuta sunanku a takardar cikin shaidu. Masu saukar baƙi a kasuwar goro ta Mariri da kasuwannin shanu har yau suna tsaya wa mutanensu, ba wani abu ne da ya gagara ba.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen jingina, yadda ake ba da gida ko gona a karɓi kuɗi, da abin da malamai da alƙalai ke cewa a kai. Mai tambaya a kan na yau ya aiko, za mu karanta a farkon shiri.  

(Taken shiri)